Kayan Mamaci a Bauchi: Abin da Ake Bayarwa da Abin da Uwa Ke Riƙewa

A garin Bauchi gawa ba ta jiran kowa. Wanda ya cika da asuba, kafin rana ta take an yi masa wanka, an suturta shi, an sallace shi a ƙofar gida, maza sun ɗauki makara sun nufi maƙabarta. Wanda ya cika cikin dare, da hantsi an kai shi makwancinsa. Ɗan'uwan da ke Kano ko Abuja sai dai ya iske zaman makoki. Suturar tafiyar kuwa ɗaya ce ga kowa: farin alawayyo, ba aiki a wuya, ba aljihu. Yadin da za a yanka wa attajiri shi ne za a yanka wa mai tura ruwa.

Duk sauran abin da mutum ya taɓa sawa a jikinsa, a gida yake barinsa. Riga tana rataye a ƙusa, hula na kan ƙofa, takalmi na bakin ɗaki yadda ya tuɓe shi. Maza suna waje kan tabarmi suna karɓar gaisuwa, ana "ya haƙuri", ana "Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan". Mata su ne a ciki tare da waɗannan kaya, kuma su ne za su yanke shawarar ranar da za a taɓa su.

Kwana ukun farko ba wanda ke ɗaga komai. Sau da yawa ma janyo ƙofar ɗakin ake yi a bar shi haka. Gidan da aka yi rashi bai cika ɗora tukunya ba, maƙwabta ne ke shigo da kwanuka. Ranar uku a yi addu'a a raba sadaka, kuma a Bauchi da wuya a yi sadaka ba masa a cikinta, ga gumba, ga ƙosai, yara da almajirai su cika ƙofar gida. Wasu gidajen suna ƙarawa da sadakar bakwai da ta arba'in, wasu kuma sun daina tun bayan da wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya yi ƙarfi a garin. Bauchi gari ne da ɗarikar Tijjaniyya ke da zurfin saiwa, saboda haka a layi ɗaya za ka sami gidan da ke yin arba'in da wanda ba ya yi, kuma kowa na zuwa gaisuwar kowa. Amma kan tufafin mamaci bakinsu ya zo ɗaya: kaya ne na gado, ba na wanda ya riga kai hannu ba.

Mutane da yawa sukan manta da wannan. Riga da wando da hula duk suna cikin abin da mamaci ya bari, kamar gona da gida. Sai an fitar da kuɗin suturarsa, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan saura ya zama na magada. Idan magidanci ne ya bar ƙananan yara, babbar rigar shaddarsa dukiyar marayu ce. Baffa ba shi da ikon ɗaukarta ya ce zai bayar sadaka don a kai wa mamaci lada. Shi ya sa ranar rabo za ka ga an zube kayan a tsakar gida, malami na zaune, a ɗaga riga a yi mata kuɗi, a ɗaga kufta a yi mata kuɗi, wanda ta faɗa rabonsa ya ɗauka. Idan kuwa saurayi ne ko budurwa, ba aure ba ɗa, iyaye kuma na raye, to lissafin gajere ne. Uwa tana da kashi ɗaya cikin uku, ko ɗaya cikin shida idan mamacin yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, saura na uba. Kayan yaro na iyayensa ne su biyu, abin da suka ga dama shi za a yi.

Abin da aka fi yi kuwa shi ne bayarwa. A wanke, a goge, a ninke. Wadda ta yi wankan gawa ko wanda ya yi, a gidaje da yawa akan ware masa wani abu. Sauran a kai tsangaya, ko a ba wani ɗan'uwa na ƙauye, ko a miƙa wa ladan ya san inda zai kai. Tsofaffi sukan ce a kai kayan nesa, kada a ba yaron maƙwabta, domin kada uwa ta leƙo zaure wata rana ta hangi rigar ɗanta tana tafe. Akwai tausayi a cikin wannan shawara. Akwai kuma kyakkyawan fata a cikin bayarwar kanta, domin duk sanyin da rigar ta kare wa wani, duk sallar da aka yi da ita, ana sa rai ladan ya iske mai ita. Bahaushe ya fi son abin tunawa da mamaci ya kasance yana aiki a jikin rayayye.

Wannan shi ne abin da ake gani a fili. Amma duk wanda ya taɓa taya tsohuwa kwashe adakarta ya san akwai wani abu. Can ƙasa, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba, ana samun ƙunshi: 'yar rigar jariri da ta koɗe, hular ulu, ko majanyi. Ka tambaya ta ce, "Ajiye min, ɗan nan." Daga baya wata gwaggo za ta gaya maka cewa kafin a haifi babanka an yi wani, bai zauna ba.

Irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe suna da yawa, domin rashin yara ya yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai wa shekara biyar, kuma jihohin arewa sun fi jin jiki. Harshenmu ma ya tanadi lafazi na musamman. Jariri ba a cewa ya mutu, sai a ce ya koma. Mai gaisuwa ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo mai zama." Matar da ta yi ta binne 'ya'ya a ce tana wabi, wanda ya zo bayansu a raɗa masa Ajuji ko Ayashe ko Abarshi. Duk wannan al'ada ce ta mutanen da suka san ciwon, suka yi masa magani da abin da ke hannunsu.

Sai dai al'adar nan ta ɗora wa uwa wani nauyi da ba kowa ke lura da shi ba, wato kara. A Bauchi, inda jinin Fulani da na Gerawa da na Hausawa ya cakuɗe tun zamanin da Malam Yakubu ya kafa garin a 1809, kunyar ɗan fari tana da ƙarfi ƙwarai. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke rainonsa. To ranar da ya rasu, wannan kunyar ba ta sakinta. Gwaggonninsa su yi kuka, ƙannensa su yi, ita kuwa ana so ta zauna shiru ta rufe fuska da mayafi. In hawaye ya zubo a ce, "Haba, ke da za ki ba wasu haƙuri? Addu'a yake buƙata." Gaskiya ne addu'a yake buƙata. Amma ita ma tana buƙatar wani abu, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Na ga yadda wata uwa ta nema wa kanta wannan abu a unguwar Jahun, a ɗakin wata dattijuwa 'yar'uwarmu da ta tsufa kan keken ɗinki. Ɗan matar na fari ne, saurayi, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki. An riga an bayar da mafi yawan kayansa. Bayan arba'in ta shigo da ƙunshi a cikin hijabi, ta gaisa, ta daɗe ba ta kwance shi ba. Da ta kwance, ga rigar makaranta, ga shaddar sallah ruwan toka mai aiki a wuya, ga wani yadi mai ratsi, ga rigar ƙwallo ta Wikki Tourists, ga kuma wani tsohon zanen atamfa nata da majanyi.

Ta ce, "Inna, so nake ki haɗa min su wuri ɗaya, ya zama abin rufa."

Dattijuwar ta ce, "'Yar nan, babansa ya sani?"

"Shi ya ce in kawo."

Sannan ta jero sharuɗɗanta da murya ƙasa-ƙasa. Aikin wuyan shaddar kada almakashi ya taɓa shi. Aljihun rigar makarantar a bar shi yadda yake, hannu na shiga. Yadin mai ratsi kada a wanke, domin shi ya sa na ƙarshe kafin ya kwanta. Zanen da majanyin, da su ta goya shi, a sa su a tsakiya. Dattijuwar ta ce ana iya kai wa masu keken aiki a kasuwar Wunti su rubuta sunansa da zare a gefe. Matar ta girgiza kai. "A'a Inna. Ban da suna." Shekarun da ya yi a duniya ba ta taɓa kiran sunan ba, ba kuma za ta fara a kan ƙyalle ba.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Tela ya saba da sabon yadi mai hali ɗaya, nan kuwa kowane ƙyalle da halinsa. Shadda tana da santsi da tauri, atamfar da ta sha wanki ta yi laushi har tana neman yagewa, rigar ƙwallo kuma tana miƙewa, in allura ta ja ta sai ta tattare. Dattijuwar ta fara da farke ɗinkunan da reza, a hankali, domin kada a yi asarar ko da faɗin yatsa. Ta yanki kwali murabba'i ta mai da shi ma'auni, tana ɗorawa tana zagayewa da alli. Rigar ƙwallon da tsohon zanen ta manna musu farin ƙyalle a baya da dutsen guga don su tsaya. Ta shimfiɗa tabarma ta jera gutsattsarin a ƙasa, ta ɗauke wannan ta mayar can, domin kada masu duhu su taru gefe ɗaya. Sai da ta gamsu sannan ta hau keke, tana haɗa su layi-layi, kowane layi ta kifa ta goge bakin ɗinkin ya kwanta. Da fuskar ta haɗu, ta sa tsohon bargo a ciki, ta yi shafi da farin yadi a baya, ta bi da ɗinkin hannu tana kama rufin uku don kada cikin ya dunƙule in an wanke. Yadin da aka ce kada a wanke ta ɗora shi daga sama a kusurwa ɗaya da ɗinki mai sauƙin farkewa, yadda duk ranar da za a yi wanki za a iya cire shi a mayar. Wannan dabara tata ce, ba wanda ya koya mata. Kuɗin zare da na shafi kawai ta karɓa.

Ɗinka mayafi da kayan mamaci ba al'adar Bauchi ba ce da aka gada. Wanda ya je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal yana neman shagon masu yin haka ba zai samu ba. Amma kowane ɓangare na aikin namu ne. Masaƙan ƙasar Hausa tun fil azal siraran saƙa suke fitarwa, faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka, sai an jera an ɗinke sannan a sami gwado ko luru ko babbar riga. Mata a cikin gida sun daɗe suna tara ƙyallayen tela su yi zanen gado da rigar matashi na faci-faci. Tufafi mai faci ma yana da daraja a tarihin Musulunci: sufaye sun sa shi don gudun duniya, mabiya Mahadi a Sudan sun mai da jibba mai faci tufafinsu a shekarun 1880, 'yan Baye Fall na Senegal har yau da shi aka san su. Abin da matar nan ta ƙara shi ne niyya.

A Amurka kuwa wannan sana'a ce mai tsohon tarihi. Wajen 1843 wata mata mai suna Elizabeth Roseberry Mitchell, bayan ta rasa 'ya'yanta maza biyu, ta ɗinka bargo da hoton maƙabarta a tsakiyarsa, da ƙananan akwatunan gawa na ƙyalle. Yana nan ajiye a cibiyar tarihi ta jihar Kentucky. A 1987 kuma, lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe mutane ana jin kunyar ambatonsu, Cleve Jones da abokansa a San Francisco suka fara haɗa wani bargo na gayya. Kowane mamaci aka yi masa ƙyalle mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3, gwargwadon kabari. Ranar 11 ga Oktoba na shekarar aka shimfiɗa shi a babban filin birnin Washington da ƙyallaye 1,920, aka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Su can suna ne jigon abin, ana so duniya ta gani ta ji. Ta Jahun kuwa ba ta so kowa ya gani, kuma ta hana a rubuta sunan. Ciwon ɗaya ne, tarbiyya ce ta bambanta.

Kiristocin Bauchi, Sayawa da Jarawa da sauransu da ke Yalwa da kewaye, su ma da tufafi suke tunawa, ta wata hanyar. Ranar jana'iza dangi kan fito da anko, matan zumunta su zo da zanensu iri ɗaya suna waƙoƙin Hausa, matasa wani lokaci su buga hoton mamacin a jikin riga. Bayan an watse, zanen ankon yana komawa cikin akwati, kuma duk ranar da aka ɗaura shi an san na jana'izar wane ne.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin da matar nan ta yi ba. Wata daga dangin miji ta ce rashin tawakkali ne, ana tayar da mikin da ya kamata a bari ya warke. Wata ta ce da an bayar da shaddar da wani ya yi sallar idi da ita, yanzu an yayyanka an ɓata. Magana ta biyu tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin daidai ne a bayar da mafi yawa a riƙe kaɗan, yadda ta yi. Amma ta farko ban yarda da ita ba. Haƙuri shi ne kame baki daga faɗin abin da Allah ba ya so da kame hannu daga marin fuska da yaga tufafi. Ba a ce uwa ta manta ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami. Da 'yarsa Zainab ta rasu, ya miƙa wa matan da ke wankanta gyautonsa ya ce a sa mata shi a jikinta. Bayan wafatinsa Nana A'isha ta ajiye mayafi da gyauton da ya cika a cikinsu har tana fito da su ta nuna, Nana Asma'u 'yar Abubakar kuma ta riƙe jibbarsa. Waɗannan duk suna cikin ingantattun littattafan hadisi. Mutanen da suka fi kowa tawakkali sun san darajar tufafin wanda suke so.

Mu ma a nan garin muna da shaida. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, a Bauchi yake kwance, kuma a ginin da aka buɗe a hubbarensa a 1979 an ajiye wasu kayan da ya yi amfani da su, har da rediyo da agogo. 'Yan makaranta na zuwa a jere su kalla. Ban taɓa jin wanda ya ce ƙasa ta rasa tawakkali don ta riƙe agogon Firayim Ministanta ba. Me zai sa a ga laifin uwa don ta riƙe aljihun rigar ɗanta?

Iyakar da malamai ke sawa a bayyane take, kuma mai sauƙin kiyayewa ce. Kada a taɓa haƙƙin wani magaji sai da yardarsa, balle na maraya. Kada a ɗauka ƙyallen yana da wani asiri, yana kare mutum ko yana jawo mamaci. Kada a mai da shi dalilin sabunta zaman makoki, tunda makoki kwana uku ne, sai matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma. In an kiyaye waɗannan, mayafi ne kamar kowane mayafi.

Haka kuwa ya zama a gidan. Sanyin hunturu a Bauchi ba wasa ba ne, daga Disamba zuwa Janairu iskar tana shiga har ƙashi. Shekarar farko ita kaɗai ke rufa da shi, da safe ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi. Zuwa shekara ta biyu ƙannen yaron sun fara ja, tana hanawa, daga baya ta bari. Ƙaramin cikinsu ya gano aljihun yana ɓoye alawa a ciki. An wanke shi sau da yawa, atamfar tsakiya ta fara sakewa, aka mayar wa dattijuwar ta yi mata faci da ragowar majanyin. Tun daga lokacin mata biyu a unguwar sun kawo mata nasu ƙunshin, ɗaya na 'yarta da ta rasu wajen haihuwa, ɗaya na mijinta bayan ta fita takaba. Ta biyun sai da dattijuwar ta mayar da ita gida ta ce ta fara jin ta bakin 'ya'yan kishiyarta, domin suna da rabo a cikin rigunan.